Shin ciwon gawut yana iya sauka a ƙashin ƙugu? Tambaya a kan ciwon bayan mahaifina

'Yar Funtuwa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da sauran masu sani a kan halin da mahaifina yake ciki, domin mun kai inda maganganun da ake gaya mana suka fara cin karo da juna, mu kuwa ba mu da ilimin da za mu auna su da shi.

Baba yana da shekara 63, tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi shekara shida da suka wuce. Fiye da shekara goma ke nan yana fama da wani ciwo da ke kama masa babban yatsan ƙafa. Zai kwanta lafiya lau, can cikin dare sai yatsan ya kumbura, ya ɗau zafi, fatar wurin ta yi duhu tana sheƙi, har ya zama ko mayafi ya taɓa shi sai Baba ya yi ƙara. Yakan yi mako guda ko kwana goma sannan ya lafa da kansa, kuma mun lura ya fi tashi a kwanakin da suka biyo bayan Babbar Sallah. Mu a gida sanyin ƙashi muke ce masa, sai daga baya aka auna jininsa aka ce gawut ne, aka rubuta masa magani. Gaskiyar magana bai riƙe maganin ba. Idan ciwon ya motsa sai ya aiki yaro kemis a haɗo masa ƙwayoyi, idan ya sauka shi ke nan ya manta da shi. Yanzu akwai wasu ƙulluttai masu tauri a gwiwar hannunsa ta dama da kuma gefen kunnensa, ba sa ciwo, amma suna ƙara girma. Yana kuma shan maganin hawan jini tun shekara tara, ciki har da wata ƙaramar ƙwaya mai sa yawan fitsari.

Wata huɗu da suka wuce ciwon ƙugu ya kama shi. Da farko mun ɗauka gajiyar tuƙin da ya yi shekara da shekaru ce ta biyo shi, amma ciwon ya ci gaba da tsananta har ya riƙa saukowa ta bayan cinyar hagu zuwa sharaɓa. Ruku'u ya gagare shi, a kan kujera yake salla yanzu, kuma sau biyu ya yi zazzaɓi mai zafi wanda aka auna ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. An yi masa hoton MRI, takardar sakamakon ta ce akwai wani abu da ya ci ƙashi tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar, yana danne jijiya, kuma ana zaton ƙwayar cuta ce ko tarin fuka na ƙashin baya. Wani likita ya ce a fara maganin tarin fuka nan take. Wani kuma, da ya ga ƙulluttan nan ya duba takardar jini, inda yurik asid, sinadarin da ke haddasa gawut, ya kai miligiram 9.4 kuma aikin ƙoda ya ɗan ragu, sai ya ce kada a yi gaggawa, domin mai yiwuwa gawut ɗin ne ya sauka a baya.

Tambayata ita ce, da gaske gawut yana kama ƙashin baya? Ni ban taɓa jin haka ba, a yatsa da gwiwa na san shi. Idan kuwa yana kamawa, ta yaya ake rarrabe shi da tarin fuka, kuma me ya kamata mu roƙi likitoci su yi kafin a ɗora dattijo a kan magani na watanni?

Likitan Gaɓɓai ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Amsar tambayarki ta farko ita ce e, yana kamawa, kuma likitan da ya kawo wannan magana bai yi kuskure ba. Amma kafin in yi bayani, ina so ki riƙe cewa daga nesa nake magana, ban ga Baba ba, ban ga hotonsa ba, don haka abin da zan faɗa na taimaka muku ne wajen tattaunawa da likitocin da ke duba shi.

Yurik asid shara ce da jiki ke samarwa kullum idan ya narkar da wani sinadari mai suna furin, wanda yake cikin ƙwayoyin halittar jikinmu da kuma abincin da muke ci, musamman nama da kayan ciki. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na wannan shara ta fitsari, sauran kuma ta hanji. A mafi yawan masu gawut matsalar ba yawan cin nama ba ce kaɗai, ƙodar ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Idan ya taru a jini ya wuce kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, jinin ya ƙoshi ke nan, sai ragowar ya fara kwanciya kamar yadda sukari ke kwanta a gindin kofin shayi idan an zuba fiye da kima. Sai dai shi ba garin sukari yake zama ba, wasu 'yan tsinkaye yake zama masu tsini kamar allura, waɗanda ido ba ya gani. Ranar da dakarun jini suka far musu, ita ce ranar da yatsa ke kumbura cikin dare. Idan aka shekara da shekaru ba a sauke shi ba, tsinkayen sukan dunƙule su zama curi mai kama da alli, kuma abin da kike gani ke nan a gwiwar hannu da kunnen Baba.

Wannan sinadari ya fi saurin daskarewa a wuri mai sanyi, shi ya sa ya fi son yatsan ƙafa da gefen kunne, waɗanda suke nesa da ɗumin cikin jiki. Saboda wannan dalili aka daɗe ana ganin gadon baya ya tsira daga gare shi. A shekarar 1950 ne wani likita a Ingila mai suna Kersley da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani majinyaci da gawut ya cinye masa ƙashin wuya na farko, kuma tun da na'urar hoton CT ta yaɗu aka gane cewa abin ya fi yadda ake zato yawa, musamman a tsakanin waɗanda suka daɗe da ciwon har ya fitar musu da curi a jiki. A duk tsawon gadon baya kuwa, ƙugu ne wurin da ya fi kamawa.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya gina bayan. Kusan kowane ƙashi na gadon baya yana haɗuwa da na samansa da na ƙasansa ta gaba, inda faifan guringuntsi yake, sannan ta baya akwai wasu ƙananan mahaɗai biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Waɗannan ƙananan mahaɗai gaɓɓai ne na sosai, suna da rufi da ruwan da ke sa su santsi, daidai da gaɓar babban yatsa. Na ƙasan ƙugu, wato tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar da kuma tsakanin na biyar da ƙashin kwankwaso, su ne suka fi ɗaukar nauyi, su ne suka fi saurin zaizayewa, ballantana ga mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kujerar babbar mota. Masana suna ganin gaɓar da ta riga ta zaizaye ta fi ba tsinkayen nan wurin zama. Idan curin ya girma a nan, yana iya cin ƙashin da ke kewaye da shi, yana kuma iya kutsawa cikin ramin da jijiyoyi ke bi ya danne ɗaya, sai ciwo ya sauko ta cinya zuwa ƙafa kamar yadda kika kwatanta.

Wahalar da ke cikin lamarin ita ce gawut na baya gwanin shigar burtu ne. Yana kawo zazzaɓi, yana ɗaga alamomin kumburi a gwajin jini, kuma a hoton MRI yakan yi kama da ƙurji mai mugunya, ko tarin fuka, ko ma ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashi. Mai karanta hoton, idan ba a rubuta masa cewa majinyacin yana da gawut mai curi ba, ba lalle ne tunaninsa ya je can ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hoton CT ya fi MRI nuna yanayin ƙashi: gawut yakan bar rami mai tsabtataccen baki kamar an ƙwaƙule da ƙarfe, da wani dunƙule mai ɗan haske a gefensa, galibi a ƙananan mahaɗan nan na baya. Akwai wani nau'in CT mai amfani da ƙarfin haske iri biyu wanda ke iya ware yurik asid ya nuna shi da launi dabam, amma ba kowace cibiya ke da shi ba. Abin da ke yanke gardama shi ne a sa allura, ana kallo ta na'urar hoto, a ɗebo kaɗan daga abin da ke wurin a kai ɗakin gwaji.

Kada adadin nan na 9.4 ya sa ku yanke hukunci. Yana nuna cewa Baba yana da yurik asid mai yawa, abin da muka riga muka sani, amma bai nuna cewa shi ne a cikin bayansa ba. Mutane da yawa suna yawo da irin wannan adadi alhali ciwon bayansu na zaizayar ƙashi ne kawai. Haka kuma akan samu mai gawut a tsakiyar tashin ciwo a auna a ga adadin ya sauko daidai, sai bayan makonni ya koma sama.

Akwai abin da ba ya jiran ranar ganin likita. Idan Baba ya fara jin dindiris a tsakanin cinyoyinsa da mazaunai, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zubowa bai sani ba, ko bayan gida ya kufce masa, ko ƙafa ta fara mutuwa, to a kai shi sashen gaggawa na asibitin da ke da likitocin ƙashin baya a wannan rana, ko da tsakar dare ne. Jijiyoyin da ke ƙasan laka ne aka matse, kuma jinkirin kwana biyu yana iya barin nakasar da ba ta gyaruwa. Sannan ina roƙonki a dakatar da haɗin kemis. Galibi akwai magungunan kashe ciwo irin su dikilofenak ko ibufurofen a ciki, wani lokaci har iri biyu tare, kuma su ne ke ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana.

Malam Mai Shago ya amsa:

'Yata, Allah ya ƙara wa mahaifinki sauƙi. Ni ba likita ba ne, amma hanyar da kuke tsaye a bakinta na bi ta da ƙafata, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Ina da shekara 57 lokacin da ciwon ƙugu ya kwantar da ni, bayan na yi kusan shekara goma sha biyar ina fama da gawut a ƙafa da gwiwa. Kafin in je asibiti babu abin da ban yi ba: an yi mini ƙaho har sau uku, an kai ni wajen mai ɗori ya ce ƙashi ne ya goce ya danna ni har na ga taurari, na sha jiƙe-jiƙe iri-iri. Da aka yi hoto aka ce tarin fuka ne na ƙashi, aka ɗora ni a kan magani ba tare da an ɗebi komai daga bayan ba. Ban cika mako uku da fara sha ba sai yatsuna da gwiwoyina duka biyu suka tashi lokaci guda, irin tashin da ban taɓa gani ba. Daga baya ne aka bayyana mini cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake ba mai tarin fuka a watanni biyun farko, firazinamid, yana hana ƙoda fitar da yurik asid. Ashe ana zuba wa wutar fetur ne ba a sani ba.

Na daure na yi wata huɗu ina sha, bayan bai sassauta ba. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da na fito zan tafi masallaci, silifas ɗina na dama ya zame ya tsaya a bakin ƙofa, ni kuwa na yi taku uku ban san ya fita ba. Tafin ƙafar ya daina ɗagowa, sai jan ta nake yi. A makon aka yi mini aiki. Likitan da ya buɗe ya gaya wa ɗana cewa maimakon mugunyar da yake sa ran gani, wani farin abu ya tarar mai kama da jiƙaƙƙen alli, ya lulluɓe jijiyar. Aka kai gwaji aka tabbatar gawut ne, aka tsayar da maganin tarin fuka.

Yau shekara uku ke nan ina shan alofurinol, maganin da ke sauke yurik asid, kowace safiya ban tsallake ba, ƙafar ta dawo sai ɗan rauni da ya rage idan na yi doguwar tafiya, kuma ƙulluttan da ke yatsun hannuna sun narke sun kusa ɓacewa. Ba na ɗora wa kowa laifi, domin ni ma ban gaya wa likitan farko cewa ina da gawut ba, a ganina ciwon ƙafa dabam ciwon baya dabam, shi kuma bai tambaya ba. Shawarata ita ce ku dage a ɗebi abin a gwada. Kuɗin gwajin bai kai rabin abin da na kashe a wata huɗun nan ba.

Sista Mai Jinya ta amsa:

Ina yi wa Baba fatan samun lafiya, ina kuma girmama bayanin Likita da labarin Malam, amma ina da ɗan tsoro game da inda zancen ya karkata, kuma gara in faɗa. Na yi shekaru ina aiki a sashen masu tarin fuka, kuma a kan kowane mutum guda da aka ɗauki gawut ɗinsa a matsayin tarin fuka, na ga mutane da yawa waɗanda tarin fuka ya cinye musu ƙashin baya suna gida ana cewa sanyi ne ko sammu, har sai da doro ya fito ko ƙafafu suka shanye. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta a duniya, kuma idan ta kama ƙashi, gadon baya ne wurin da ta fi zuwa. Saboda haka likitan da ya fara tunanin tarin fuka ya yi tunanin da ya dace da ƙasar da yake aiki a cikinta. Ba na so wani da ke shan maganinsa ya karanta wannan tattaunawa ya ajiye shi da cewa shi ma gawut ne.

Mutane da yawa ba su san cewa tarin fuka na ƙashin baya yana zuwa ba tare da tari ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko Baba yana ramewa, ko yana jiƙa riga da gumi cikin dare, ko abinci ya fita ransa, ko akwai wanda ya yi doguwar jinyar tari a gidan. A hoto ma akwai bambancin da ke taimakawa, ko da yake ba ya yanke hukunci. Tarin fuka ya fi kama tsakiyar baya da mahaɗar tsakiya da ƙugu, yakan fara cin ƙashi ta gaba, ya haɗa ƙasusuwa biyu maƙwabta, ya tara mugunya mai yawa a gefensu ba tare da zafi ba, shi kuwa gawut ya fi zama ta baya a ƙananan mahaɗai kamar yadda Likita ya faɗa. Ku roƙi mai karanta hoton ya gaya muku ta wane ɓangare ɓarnar take.

Inda na yarda da su ɗari bisa ɗari shi ne a ɗebi samfur. Maganin tarin fuka na ƙashin baya shekara guda ake sha a tsarinmu, yana iya taɓa hanta, don haka bai kamata a fara shi da ka ba idan akwai halin gwaji. Akwai na'urar GeneXpert da ke gano ƙwayar cutar cikin sa'o'i kaɗan, kuma tana karɓar mugunya da tsokar da aka ɗebo, ba majina kaɗai ba. Kuskuren ta ɗaya ɓangaren shi ma yana da muni: idan aka ɗauka gawut ne aka ba shi firednisolon, maganin kumburi mai danne garkuwar jiki, alhali ƙwayar cuta ce, an ɗaure wa jiki hannu ke nan an bar cutar ta yi yadda ta so. Ba kuma abin mamaki ba ne a samu cututtukan biyu a wuri guda.

Tun da dattijo ne mai shekara sama da sittin, a haɗa da gwajin dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, domin idan wannan daji ya bazu, yakan nemi ƙashin ƙugu. Idan kuma Baba mai shan ɗanyen nono ne wanda ba a tafasa ba, a gaya wa likita, saboda akwai wata ƙwayar cuta ta dabbobi, burusela, da ke kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa tare da ciwon ƙugu, kuma ita ma a daidai ƙashi na huɗu da na biyar ta fi zama.

Ɗan Ɗakin Gwaji ya amsa:

Ina da ƙari guda ɗaya daga ɓangaren aikinmu, kuma ƙaramin abu ne da ke lalata gwajin gaba ɗaya. A al'ada duk tsokar da aka ciro daga jikin majinyaci cikin ruwan fomalin, mai hana ta ruɓewa, ake jefa ta kafin a kawo mana. Shi kuwa fomalin ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, kuma yana narkar da tsinkayen yurik asid, sai samfurin ya iso hannunmu babu abin da ake nema a ciki, mu rubuta cewa mun ga kumburi kawai, a koma gidan jiya. Idan ana zaton gawut, tilas a saka wani kaso a cikin tsantsar alkohol, ko a kawo shi haka nan ɗanye cikin kwalba mai tsabta ba tare da ɓata lokaci ba. Ku roƙi likitan da zai ɗebo ya raba shi uku tun a ɗakin aiki, kaso ɗaya don neman tsinkayen, ɗaya don GeneXpert da shuka ƙwayoyin cuta, ɗaya cikin fomalin don duba ko akwai daji, kuma ya rubuta kalmar gawut a jikin takardar da za ta raka samfurin. A ƙarƙashin madubi mai tace haske tsinkayen suna fitowa sirara, masu tsini, suna walƙiya da launin rawaya ko shuɗi gwargwadon yadda suka kwanta, kuma tun 1961 da McCarty da Hollander suka nuna su a ruwan gaɓa wannan gwaji ya zama abin dogaro.

Curin gwiwar hannun ya fi sauƙin tsirawa da allura, ana iya yi a ɗakin ganin likita cikin minti biyar. Zai tabbatar da cewa Baba yana da gawut mai curi, amma shaidarsa a gwiwar hannu ta tsaya, ba ta wadatar a kan abin da ke cikin baya ba.

'Yar Funtuwa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yayana duk abin da kuka rubuta, muka koma asibiti tare jiya. An yi hoton CT, kuma likitan ya nuna mana a allon kwamfuta cewa ɓarnar ta baya take, a ƙaramar mahaɗar hagu, faifan da ke gaba kuma bai lalace ba. Sun amince za su ɗebi samfur mako mai zuwa, na kuma ba su takardar da na rubuta maganar raba shi uku, likitan ya yi murmushi ya ce dama haka za su yi. Sista, Baba bai rame ba, ba ya gumin dare, amma an ɗebi jinin furostet ɗin. Haɗin kemis kuwa mun kwashe shi daga ɗakinsa, ko da yake sai da aka kai ruwa rana.

Likita, idan sakamako ya nuna gawut ne, dole sai an yi masa aiki kamar Malam? Baba kuma ya ce in tambaya ko barin nama kaɗai zai wadatar, domin ba ya son maganin da za a ce har abada, kuma yana tambaya game da azumi.

Likitan Gaɓɓai ya sake amsawa:

Aiki ba dole ba ne, Malama. Ana yin sa ne idan jijiya ta matsu har ƙafa ta fara rauni, ko fitsari da bayan gida suka rikice, ko ƙashin ya ci har baya ya rasa tsayuwa. Idan ciwo ne kaɗai, da yawa suna samun sauƙi da magani, domin curin da ke cikin baya yana narkewa kamar yadda na hannun Malam ya narke, sai dai abin yana ɗaukar watanni masu yawa, wani lokaci shekaru.

Ki gaya wa Baba, tare da girmamawa, cewa barin nama ba zai wadatar ba. Kiyaye abinci da wuya ya sauke adadin da fiye da kimanin miligiram 1, shi kuwa yana kan 9.4, kuma mai curi ana so a kai shi ƙasa da 5 kafin curin ya narke da sauri, sauran masu gawut kuma ƙasa da 6. Ya rage hanta da ƙoda da farfesun kayan ciki da kifin gwangwani, ya bar lemon kwalba mai zaƙi, wanda mutane ba sa zargi alhali sukarin da ke cikinsa yana ɗaga yurik asid. Wake da ganye da ƙwai da tafasasshen nono ba su da laifi, kuma ɗan nama jefi-jefi ba zai rushe komai ba idan yana kan magani.

Alofurinol shi ne ginshiƙi, amma ga mai raunin ƙoda da kaɗan ake farawa, miligiram 50 a rana, a riƙa ƙarawa a hankali bayan 'yan makonni ana auna jini har a kai inda ake so. A watannin farko ciwon yana iya tashi fiye da da, saboda tsofaffin tsinkayen sun fara motsi, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba. Shi ya sa ake haɗa shi da ƙaramin awo na kolcisin, maganin da ke hana ciwon tashi, na wata uku zuwa shida, wanda shi ma likita zai daidaita da ƙarfin ƙodar. Abu guda ne zai sa a tsayar da alofurinol nan take: idan ƙuraje suka feso a fata, ko baki da idanu suka yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo tare da su, musamman a watanni biyu ko ukun farko. Wannan ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yana da haɗari, kuma masu ciwon ƙoda sun fi shiga cikinsa.

Ƙaramar ƙwayar nan mai sa fitsari, idan irin su haidirokulorotayazaid ce, tana cikin abin da ke riƙe yurik asid a jiki. Kada ku tsayar da ita da kanku, amma ku tambayi likitan hawan jininsa ko za a iya musanya ta da losatan ko amlodifin, waɗanda ba su da wannan illa. Maganar azumi kuwa ƙodar ce za ta yanke ta, ba bayan ba, domin ƙishirwar yini tana tayar da gawut tana kuma wahalar da ƙoda mai rauni, don haka a sake auna aikin ƙodar kafin watan ya kama, likitan da ya ga sakamakon ya faɗa masa matsayinsa. Ranar da za ku koma, ku zuba duk abin da Baba yake sha a leda guda ku tafi da shi, da na asibiti da ragowar na kemis da gorunan jiƙo, ku kuma sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta kwanan wata da adadin yurik asid da na ƙoda duk lokacin da aka auna.